Garken aro a kwarin Orhon

Shekara huɗu ke nan Densmaa tana tsara wa baƙi yawon buɗe ido a wani ƙaramin kamfani a Ulanbator, kuma tsarin watan Yuli ba ya sauyawa. A kai su Harhorin su ga ganuwar tsohon gidan ibada, su kalli kokawa da sukuwa, sannan su kwana biyu a tantin makiyayi. Makiyayin kuwa yayanta ne, Chuluunbat, mai tumaki da awaki fiye da ɗari shida a kwarin Orhon.

Bana mutum takwas ne za su zo. Ta kama masu mota, ta nemo mai girki, saura ta ji daga bakin Yaya. Tun watan Fabrairu idan ta kira sai ya ce lafiya lau, iska ce ke yanke magana, ya kashe. Da watan Mayu ya raba, ta hau motar haya ta tafi da kanta.

Tun kafin ta hango tantin wari ya tare ta. Ƙanƙara ta narke ta bar abin da ta binne. Mushe ne jibge a cikin kwazazzabo, tumaki kan awaki, ƙafafu a sama, ungulaye sun ci har sun kasa tashi. Densmaa ta toshe hanci da gyalenta, ta ƙarasa a ƙasa.

Matar yayan, Tsermaa, ta miƙo mata shayi mai gishiri. Babu madara a ciki.

"Yaya, nawa suka rage?"

"Kin sha hanya. Sha shayinki."

"Yaya."

"Goma sha ɗaya," in ji Tsermaa. "Da goɗiya guda. Ya hana ni faɗa maki. Wai ke 'yar birni ce, kuka kawai za ki yi mana a waya."

Chuluunbat ya zauna yana murza hularsa. Biyu daga yatsun hannunsa na hagu sun yi baƙi, sanyi ya cinye su lokacin da yake tono dabbobi daga ƙanƙara. Ya ce ruwan sama aka yi a ƙarshen kaka, ya daskare a kan ciyawa kamar gilashi, dabba ta kafta da kofato har jini ba ta kai ga ci ba. 'Yan raguna ya shigo da su tanti, suka mutu a gefen murhu.

Densmaa ta hau tudu inda waya ke kamawa, ta kira Zorigt, maigidanta na kamfani.

"Ranka ya daɗe, sai dai a sauya wuri. Babu garke."

"A sauya zuwa ina? Hoton tantin yayanki muka tura masu, shi suka zaɓa. Ba shi da maƙwabta ne? Ya ari tumaki na kwana biyu. Baƙi sun san tunkiyar wani daga ta wani? Mushen nan kuma a rufe shi, kada in ji."

Ta sauko tana jin kunyar buɗe baki. Da ta faɗa, Tsermaa ta ajiye ludayi da ƙarfi. Chuluunbat kuwa dariya ya yi, irin wadda ba ta kai ido ba.

"Wato in zama makiyayin hoto. To, ai na iya tsayuwa kusa da tunkiya. Ce masa na yarda."

Kwana uku suka yi su uku suna haƙa da shebur, suna jan gawa da igiya. Fata na saɓulewa a hannu. Densmaa ta yi amai har cikinta ya ƙare. Chuluunbat kuwa ya san dabbobin ɗaya bayan ɗaya, yana jan wata sai ya ce wannan tagwaye take haifa duk shekara.

Yuli ya zo, kwarin ya yi kore shar. Wani maƙwabci da ya tsira da rabin garkensa ya ba da aron ɗari biyu. Baƙi suka sauko daga mota suna murna, suka sha nonon goɗiya suna yatsina fuska, suka ɗauki hoto a kan tudun da ciyawa ta fi tsawo, ba su san abin da ke ƙasa ba. Wata dattijuwa mai fara'a ta ce a tambayar mata makiyayin, dabbobinsa nawa ne.

Densmaa ta fassara. Chuluunbat ya dubi garken, ya dubi ƙanwarsa.

"Faɗa mata abin da ya yi maki daɗi."

"Ɗari biyu da 'yan kai," ta ce da matar. Dattijuwar ta tafa hannu.

Ranar da motar ta tafi, Chuluunbat ya kora tumakin ya mayar wa mai su, ya haɗa masa da nasa goma sha ɗaya da goɗiyar. Kafin Agusta ya ƙare shi da Tsermaa sun kafa tantin a bayan garin Ulanbator, cikin shingen katako, kusa da famfon unguwa. Ya samu gadi a wurin sayar da gawayi. Densmaa takan kai masu nama ranar Lahadi. Ba ya tambayar ta aiki, ita ma ba ta ɗauko zancen ba.