Masu Gida a Cikin Bango

Marlene Kowalski ta gama sayen gidan nan a zuciyarta tun kafin mai duba gida ya iso. Tsohon gidan katako ne a bayan garin Erie, rufi na yoyo, matakala na kuka, amma shi kaɗai ƙarfinta ya kai. Ƙarshen wata za ta bar gidan haya, ga ƙanƙara har gwiwa. Ɗaki ɗaya ne a sama ruwa bai taɓa ba, nan ta ƙudurta za ta tare, ta riƙa gyara sauran a hankali. In ɗakin nan ya ƙi, ba ta da wurin sa haƙarƙarinta.

Mai duban, Dale Hostetler, dattijo ne da ba a yi wa gaggawa. Ya leƙa ƙarƙashin gida, ya hau rufi, ya bi ginshiƙai yana caka musu sukundireba. Dillali Trent na biye da shi, baki bai huta ba, kai ka ce shi ya gina gidan.

Da suka shiga ɗakin na sama, Dale ya ja ya tsaya. Bango uku sun dafe, ɗaya kuwa sabon fenti sai ƙyalli yake.

"Ka ga ɗaki, dattijo!" in ji Trent.

"Na gani, ɗan samari. Wanda ya shafe bango ɗaya ya bar uku, ba kwalliya ce ta dame shi ba."

Ya fito da kyamararsa mai ganin zafi, wadda ke nuna sanyi shuɗi, ɗumi kuma ja. Bangon na waje ne, ya kamata ya fito shuɗi. Sai ga wani ƙaton jan dunƙule a tsakiyarsa. Marlene ta yi maza ta tambaya ko wayar lantarki ce ke cin wuta.

"Babu waya a nan," in ji Dale a hankali. "Zo, 'yar uwa, kara kunnenki."

Ta kara. Bangon da ɗumi, kuma daga ciki wani gunji ke tashi, mai zurfi, ba ya yankewa.

Akwai wani katako da ya saki a gindin bangon. Dale ya ɗaga shi, ya zura madubi da tocila. Kai, ikon Allah! Saƙar zuma ce jere reras, tun daga sama har ƙasa, wata baƙa ƙirin don tsufa, wata kamar zinariya. A tsakiya ƙudan zuma sun cure wuri guda, dubbai a kan dubbai, suna motsi. Ƙamshi ya cika ɗakin. Har Trent sai da bakinsa ya mutu.

"Jiki suke kaɗawa, su ɗumama uwarsu," in ji Dale, murya ƙasa-ƙasa. "Na waje in sanyi ya ci su, sai su nutsa ciki, na ciki su fito su karɓe su. Haka za su yi har bazara. Na tsufa a aikin nan, ban taɓa ganin mai girman wannan ba."

Marlene ta durƙusa tana kallo, ta ma manta da abin da ya kawo ta. Ita da take ganin kango za ta saya, ashe gari guda ne a ciki.

Trent ya farfaɗo. "Ƙaramin abu! Gobe a yi musu feshi, jibi ki tare."

"Haka ne," in ji Dale. "Ko kuma mai kiwon zuma ya kwashe su da rai, amma sai sanyi ya wuce. A buɗe bangon yanzu, duk su mutu. In kuma kika ɗumama ɗakin, za su ɗauka bazara ce, su fito miki. Ni nawa in faɗa, zaɓi naki ne."

Ta daɗe tafin hannunta na kan bangon. Tsoron sanyin da ke gabanta ya kama ta sosai, amma ta kasa cewa a yi feshin.

"Kawo takardun in sa hannu," ta ce wa Trent. "Amma kada wanda ya taɓa ɗakin nan."

"To ke a ina za ki kwana?"

"Kicin, kusa da murhu."

"Haba, baiwar Allah, kicin ɗin da ke yoyo?"

"Zan sayi bokiti."

Dale ya mayar da katakon. Suka fita da sanɗa, ta ja wa ƙudan zuman ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara.