Tayil Uku Kafin Taga

Tsohon direban ya yi asarar gashin bakinsa ranar Talata da hantsi. Matarsa ce ta cinye shi a wani musu da suka yi, a barandar ɗakin mata na asibiti, wata biyu bayan ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Shekara arba'in da uku yana kiwon gashin, tun kafin aurensu. Wanzamin bakin ƙofar asibiti bai yi minti uku a kai ba.

Ranar Litinin likita ta faɗa musu gaskiya: ana bukatar gadon. Idan tsohuwar ta iya takawa da ƙarfen dogarawa daga ƙofar ɗaki zuwa tagar ƙarshen baranda, za a sallame ta zuwa gidanta, ta riƙa zuwa motsa jiki sau biyu a mako. Idan ta kasa, sai inda akwai masu ɗaga ta da kwantar da ita. Wato gidan babban ɗansu, tafiyar wuni guda, inda za ta raba ɗaki da jikoki mata uku. Babu wurin tsoho a can.

Ita kuwa kwana tara ke nan ta ƙi sauka daga gado. Ta juya wa kowa baya.

Da safe ya zo da shayi, ya ja kujera, ya zauna yana shafa gashin bakinsa.

"Na ƙirga," ya ce. "Tayil talatin da biyu ne a daɓen baranda zuwa taga. Ba za ki wuce goma ba."

Ba tare da ta juyo ba ta ce, harshenta da nauyi, "In ji wa?"

"In ji ni. Kin tsufa, 'yar tsohuwa. Injin ya buga."

Ta juyo a hankali. "Me ka sa?"

Tambayar da yake jira ke nan. Da wannan tambayar suka yi zaman aure, komai sai sun sa abu a kai: ko za a yi ruwa yau, ko cikin suruka mace ce ko namiji, ko maƙwabci zai dawo da tsanin da ya ara. Wanda aka ci ya yi gugar mako guda, ko ya haƙura da tashar rediyonsa.

"Faɗi abin da kike so."

"Tsintsiyar nan ta bakinka."

Ya sauke hannu daga gashin. "Na sa. Ke kuma in kin faɗi, ki amsa a gaban yara cewa ke kika ɓatar da makullin akwatina."

"Baba!" in ji autarsu, wadda ke jinyar uwar. "Caca a asibiti, da furfurarku?"

"Caca sai da kuɗi, Auta. Wannan musu ne."

"Musu da baki ake yi," in ji nas tana gyara labule. "Tunda an sa abu, ya zama sharaɗi."

"Ku kira shi abin da kuka ga dama," tsohuwar ta ce. "Miƙo min ƙarfen."

Ƙarfe goma saura aka tsayar da ita a ƙofa. Likita ta jingina da bango, fayil a hannu. Tsohon ya shiga gaban matarsa yana ja da baya, hannu a sama, kamar mai ba wa doguwar mota hanya a tasha.

"Taho, taho. Dama kaɗan. Kada ki kalli ƙasa, direba hanya yake kallo."

Ƙafar hagun jan ta take yi. A tayil na goma ta ɗago ta harare shi, ta wuce. A na ashirin gumi ya jiƙa mata wuyan riga, matan ɗakin sun fito ƙofa suna ƙirgawa a ƙasa-ƙasa. A na ashirin da tara ya ga gwiwarta tana rawa. Bai yi tunani ba. Ya kai hannu ya ƙwanƙwasa ƙarfen sau biyu.

Ta tsaya cak.

Shekara talatin, duk yammar da ya dawo da bas zai ajiye a lungun gidansu, ita ke tsayawa a baya, ta buga jikin motar sau biyu idan ya kusa bango. A gidansu bugu biyu ba ya bukatar bayani. Nas ta turo kujera, tsohuwar ta zube a kai. Saura tayil uku.

"Me ya sa ka tsayar da ni?" ta ce da numfashinta ya dawo.

"Na ga za ki faɗi."

"Da na kai."

"Na sani."

Ya je wajen likita, ya cire hula. Ya ce laifinsa ne, a rubuta cewa shi ya taka mata birki. Likita ta ce ta ga komai. Ta ce tayil ashirin da tara ba wasa ba ne, amma ita ma gwiwar ta gani, kuma gidansu akwai matakala. Za ta yi shawara da masu motsa jiki.

Da ya dawo ya tarar tsohuwar tana gaya wa Auta cewa ita aka ci, makullin kuma a rijiyar tsohon gida ya faɗa mata. Ya ce bai ji ba, wanda ya tare hanya shi ne ya faɗi. Ya sa hularsa ya nufi wajen wanzami.

Da ya koma ɗakin, tsohuwar ta daɗe tana kallon leɓen da ba ta taɓa gani ba. Ta ɗaga hannun dama ta shafa wurin.

"Ashe gara da tsintsiyar," ta ce.

Har la'asar likita ba ta sa hannu a takardar sallama ba. Babban ɗan ya bugo waya ya ce ya riga ya kamo hanya, ya cire kujerar bayan mota ya shimfiɗa katifa.