Tsakanin Falwaya Biyu

Dakta Mansura ta yi shekara tara a Turai tana auna hayaƙin jiragen sama. Ta rubuta takarda a kan abin da injin jirgi ke fitarwa lokacin tashi, masana ɗari huɗu da sha biyu suka ambace ta a nasu rubutun. Ko jirgi ɗaya bai rage hayaƙinsa ba. Da ta dawo Gwadangaji, ta tarar da mahaifiyarta, Inna Balaraba, tana tari.

Dalilin tarin yana ƙofar gida. 'Yan Keke Napep sun mayar da wurin tasha, injuna a kunne tun safe har magariba, ana jiran masu shiga cikin Birnin Kebbi. Likita ya ce ƙirjin Inna ba zai ƙara shekara a haka ba. Mansura ta je wajen kwamitin da ke kula da tashoshi ta nemi a ɗage tashar. Sakataren kwamitin, Malam Isuwa, ya ce su ba sa aiki da tari, sai da shaida a takarda.

Shaida kuwa sana'arta ce. Ta ɗaure na'urar auna iska a falwayar wutar lantarki ta ƙofar gida, wani farin akwati mai aiki da hasken rana. Ta kafa ta biyu a Argungu, bakin fadamar shinkafa, don a kwatanta. Duka biyun ta saita su su riƙa aika lissafi ga kwamfutarta da ta Malam Isuwa. Sannan ta koma Turai wata guda ta miƙa ragowar aikinta.

A rana ta talatin Malam Isuwa ya kira ta.

"Dakta, ina taya ki murna. Iskar ƙofar gidanku ta fi ta fadamar Argungu tsabta."

"Na gani. Na'urar ce ta lalace."

"To, ke kika kawo ta. Tasha dai tana nan inda take."

Ranar da ta dawo, Napep ta shiga zuwa gida. Saura kaɗan su isa, direban ya kashe inji daidai wata falwaya, ya sauka ya fara turi.

"Mai ya ƙare?"

"A'a, Hajiya. Mun shigo wurin na'ura."

Ta leƙa. Napep ɗin da ke gabansu turi ake yi, na baya ma haka. Wani babban mutum da hula yana tafe a ƙasa kusa da wanda ya ɗauko shi. Tasha cike, ba inji ko ɗaya da ke kunne.

Shugaban tashar, Ciyaman Sunusi, ya taso da tsumma a kafaɗa ya tarbe ta a bakin zaure, inda Inna ke zaune tana yankan albasa.

"Maraba da Dakta! Kin ga amanarki, ko ƙura ba mu bari ta hau ba. Kullum da sahe ni ka goge ta da hannuna."

"Ciyaman, wa ya ce a kashe inji?"

"Mu munka zauna munka yanke. Baƙon kaya, hwari tas, tun daga Turai. Mu bari hayaƙinmu shi ɓata shi, a ce mutanen Gwadangaji ba su san darajar baƙo ba? Daga waccan falwaya zuwa wagga, turi. Mai jiki shi sauka shi taka. Wanda yat tada inji, shi koma ƙarshen layi."

Mansura ta dubi akwatin. Wata guda na aikinta ya tafi, kwamiti kuma ya samu shaidar da zai riƙe har abada. Ta shirya bayani, irin wanda take yi wa ɗalibai: na'urar don hayaƙi aka yi ta, hayaƙin take nema. Ta buɗe baki, sai ta lura da wani abu. Tun tsayuwarta a nan, Inna ba ta yi tari ba. Ga albasa ma a gabanta.

"Inna, ina tarin?"

"Ya yi sauƙi, ɗiyata. Sati biyu ke nan ina kwana har sahe. Maganin likitan nan na da kyau."

Maganin shi ne dai wanda take sha tun bara.

Ciyaman ya gyara tsayuwa. "To Dakta, ba korar baƙo nike ba. Amma mutanena sun hwara kukan ciwon baya. Yaushe aikin ka ƙarewa?"

"Bincike ba ya son gaggawa, Ciyaman," in ji Mansura. "Na jirgin sama shekara tara ya ci."

Ciyaman ya kalli akwatin. Ya ciro tsumman ya goge gefen da ya riga ya goge.

"Ashe sai mun yi mata rumhwar kwano kahin damina."

"Ku yi," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta shiga gida.