Jiƙaƙƙen Buntu

Tukiran ya cusa hannu cikin tulin buntun shinkafa har gwiwar hannu, ya damƙo ya matse. Sai ya dunƙule. Ruwan jiya ya yi yoyo ta rufin sito ke nan, ba sai wata na'ura ta gaya masa ba. Shekara goma sha ɗaya yana ciyar da tanderun masana'antar nan ta bayan garin Sragen, inda ake turara buntu ya ba da hayaƙi. Ya san jiƙaƙƙen buntu kwalta yake haifarwa. In kuwa kwalta ta fi ƙarfin matatar hayaƙi ta shiga sabuwar tukunyar nikel, wadda ke mayar da hayaƙin gas ɗin girki, to tukunya ta mutu murus.

Tukunyar nan kuwa aikin Harjito ce. Ƙaninsa ne ciki ɗaya, wanda ya riƙa kai wa makaranta a bayan keke. Yau ga shi injiniya, da farar hular kwano da ofis mai sanyi, kuma bikin kunna wutar farko saboda shi ake yi. Tukiran kishi yake ji, kishi mai cin rai, kuma ya daina ɓoye wa kansa.

Harjito ya leƙo ƙofar sito. Mas yake ce masa, wato yaya. "Mas, yaya buntunmu?"

"Buntu dai buntu ne."

"To zo ka sake riga, Pak Manaja ya iso. Kada ka fito a hoto kamar ɓeran rumbu."

Leburori suka kwashe da dariya. Wasa yake yi, Tukiran ya sani, amma wasan mai farar hula ba ya sauka daidai. Yana fita, Tukiran ya buɗe wa jiƙaƙƙen buntun hanya ya hau bel ɗin da ke kai shi tanderu. Akwai ragowar busasshe a gaba, sai nan da minti arba'in wannan zai isa tanderu. Daidai lokacin jawabai.

A ƙarƙashin rumfa an ajiye tumpeng, shinkafa mai kurkum da aka tula ta yi tsini, kewaye da ƙwai da soyayyar kaza. Mutum ɗaya ake yanka wa tsinin nan, wanda ranar take tasa. Aka yi addu'a, Harjito ya murɗa famfo ya ƙyasta, wuta ta tashi shuɗiya shar. Tafi ya kaure. Tukiran yana can baya, ya harɗe hannu yana duba agogo. Saura minti goma sha biyu.

Manaja ya yanke tsinin ya ɗora a faranti ya miƙa wa Harjito. To dama wa za a ba?

Amma Harjito bai ci ba. Ya ratsa kujerun baƙi da farantin, ya zo ya kama hannun yayansa ya kai goshinsa don girmamawa.

"Pak Manaja, a yi mini afuwa," in ji shi. "Tukunyata ba ta da wata dabara, abin da aka ba ta take ci. Shekara uku ina kwana da fargabar kwalta, Mas Tukiran ne kaɗai ya sa nake iya barci. Bai taɓa barin jiƙaƙƙen buntu ya wuce hannunsa ba, ko sau ɗaya."

Ya danƙa masa farantin. Aka sake tafi, wannan karon Tukiran ake kallo. Farantin da ɗumi a tafinsa. Abin haushi, kishin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Wato har kirkin ma yaron nan ya fi shi.

"Ci mana, Mas, ana ɗaukar hoto."

In ya tsayar da bel, tanderu zai yi sanyi, wutar ta mutu a gaban baƙi, kuma tambayar farko shi za a yi wa.

"Riƙe mini, Dik," ya ce wa ƙanin nasa, ya mayar masa da farantin.

Ya bi ta tsakiyar baƙi ya nufi jan maɓallin da ke tsayar da bel, yana goge hannu a wandonsa.