Motar Vlado Ba Ta Da Ƙofa

Brant Kessel mugun mutum ne, babu wani kwana-kwana. Ranar da ya fara zuwa duba motar da Vlado ya sa a kasuwa, ya ci abincin tsohon, ya sha shayinsa kofi biyu, sannan da ya fito ya jingina da shingen wayar maƙwabciya, ya rage murya.

"Iya, tsakanina da ke, kwana nawa likita ya ba shi?"

Noreen Tuckey tana shanya a lokacin. Ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Likita bai ba shi kwana ba. Ba shi ke rabon kwanaki ba."

Ya yi dariya, ya shiga motarsa ya tafi.

Shekara goma sha tara Noreen tana maƙwabtaka da Vlado a bakin Coober Pedy, garin masu haƙar ma'adinai, gidanta da nasa duk a jikin tudu ɗaya aka haƙa su. Ya zo daga Kuroshiya yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa a ramukan haƙar opal, wani dutsen ado mai tsada, ƙurar rami kuma ta cinye masa huhu. Matarsa ta rasu, 'yarsa Jasna tana can Perth da aikinta, abokan tserensa wasu suna ƙasa, wasu sun koma Adelaide kusa da asibiti. Abin da ya rage masa shi ne a-kori-kurar tseren jeji, shuɗiya, mai tayoyi har ƙugun mutum, wadda ya haɗa da hannunsa a rumfar kwano da ke gefen gida.

Da numfashi ya fara gagararsa sai da tulun iska, ya sa ta a kasuwa. Farashin bai yi tsada ba. Abin da ke korar mutane sharaɗinsa ne. Motar tsere irin wannan ba ta da ƙofa, an liƙe jikinta da walda, ta taga ake zurawa. Vlado kuwa shekara biyu ke nan bai iya ɗaga ƙafarsa zuwa tagar nan ba. Don haka ya ce duk mai saye sai ya ɗauke shi cak, ya zura shi kujerar gefe, ya zaga da shi filin tsere sau ɗaya, sannan a yi ciniki.

Masu saye sun zo. Wasu 'yan'uwa biyu daga Port Augusta suka shiga ƙarƙashinta da tocila, suka yaba walda, suka yaba inji. Da suka ji sharaɗi, babban ya kalli robar da ke hancin tsohon.

"Tsoho, in ka cika mana a hanya fa?"

"Sai ku rage gudu a kwana, kada in faɗo muku a cinya."

Suka yi dariya, suka ce za su yi shawara. Ba su dawo ba. Wani ya zo da budurwarsa, ya shuri taya, ya ɗauki hoto a jikin mota, ya tafi bai ko tambayi farashi ba. Wani ya yi waya sau huɗu yana tambayar ko za a karɓi kwalekwale a musaya. Vlado ya ce masa ya zo da tekun tukuna.

Kowanne ya zo, sai tsohon ya sa Noreen ta ɗora ruwan shayi, ya yi ta ba shi labarin inda motar ta taɓa kifewa da inda aka sake mata ƙarfe, bai ɓoye aibi ko ɗaya ba. Noreen ta lura ranar da aka yi baƙo yana cin abinci sosai. Ranar da ba kowa, sai ya ja kujera ya zauna a rumfar shi kaɗai, hannunsa a kan taya.

"Ni in zura ka mana," ta ce masa wata rana.

"Ke? Da wannan ƙugun naki da aka yi wa faci? Sai mu faɗi mu biyu, a zo a same mu kamar buhun dankali."

"Tsohon banza."

"Na gode, 'yar budurwa."

Brant ne kawai bai ja da baya ba. Ya dawo karo na biyu ranar Laraba, ƙato mai wuya kamar na sa, da tirela ɗaure a bayan motarsa. Ya dafa kafaɗar Vlado.

"Mutumina, wannan ai ba sharaɗi ba ne, girmamawa ce. Asabar ƙarfe tara ina nan. Ni zan ɗauke ka kamar jariri. Zagaye biyu ma za mu yi."

Noreen ta so ta faɗa wa Vlado tambayar da mutumin ya yi mata a shinge. Ta ga yadda idon tsohon ya yi haske, sai ta haɗiye maganar.

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai ya kira ta ta taya shi sa rigar tsere. Rigar ta yi masa yawa, sai da ta naɗe hannuwan sau biyu. Ya sa ta goge hular kwanonsa, ta cika masa ƙaramin tulun iska wanda zai shiga tsakanin ƙafafunsa. Ya zauna a bakin rumfa yana fuskantar hanya, hular a kan cinyarsa.

Tara ta yi. Goma ta yi. Inuwa ta janye daga inda yake, ta matsar masa da kujera. Duk motar da ta tayar da ƙura daga nesa sai ya gyara zama. Da tsakar rana ta kawo masa naɗin kabeji da nama irin na ƙasarsu, wanda marigayiya matarsa ta koya mata. Ya ce a ajiye, ba a shiga tsere da cikakken ciki.

Ƙarfe uku ta ɗauki ƙaramar motarta ta shiga gari. Ba ta sha wahalar nema ba, tirelar tana ajiye a gaban mashaya. Ta sami Brant a ciki da kofin giya, yana kallon tseren dawaki a talabijin.

"Yana can sanye da rigarsa tun safe yana jiranka."

"Iya, zauna in saya miki lemo."

"Ka yi masa alkawari."

Ya juyo da kujerarsa. "Ki ji, ni ba motar asibiti ba ce. Na riga na yi magana da 'yarsa. Mako ɗaya ne ko biyu ya rage wa tsohon. Ita ba ta da wani sharaɗi, kuma ba ta san bambancin motar nan da injin wanki ba. Me zai sa in wahalar da bayana?"

Mutane uku da ke wurin suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Wannan ma abin kunya ne.

Da ta koma, Vlado yana nan yadda ta bar shi.

"Tayar tirelarsa ce ta fashe a hanya," ta ce. "Ya ce a ba ka haƙuri."

Ya dube ta. "Noreen, shekara goma sha tara, har yau ba ki iya ƙarya ba." Ya miƙa mata hular. "Taya ni cire rigar nan, zafi nake ji."

Bai sake fitowa rumfar ba. Ranar Talata da hantsi ta shiga da shayi ta same shi a kujerar falo, rediyo na karanta yanayin iska, tulun yana ta hucinsa a banza. Ta ajiye kofin, ta rufe tulun, ta zauna kusa da shi na ɗan lokaci kafin ta kira kowa.

Mutum tara ne suka raka shi maƙabarta. Jasna ta zo da jirgi, ta yi kuka na gaskiya, tana da kwana uku kacal ta kwashe gida. Noreen ta gaya mata abin da ya faru ranar Asabar. Jasna ta share ido ta ce, "Anti Noreen, na riga na amsa masa, kuma ba ni da inda zan kai ta." Noreen ba ta ga laifinta ba.

Washegarin jana'iza Brant ya iso da tirela. Ya sa hannu a takarda, ya karɓi makulli, ya zura jikinsa ta taga cikin sauƙi.

To, motar tana da tankin baƙin mai daban a bayan kujeru, kuma akwai ɗan famfo a ƙarƙashinsa da Vlado ke rufewa duk lokacin da za ta daɗe a ajiye, don kada man ya tsiyaye ya cika cikin inji. Tun da ya daina iya sunkuyawa, Noreen ce ke durƙusawa ta buɗe ta kuma rufe. A rufe yake. Ba don Brant ba, don aikin hannun mamacin, ta matsa kusa da taga.

"Dakata, kada ka tayar. Akwai abin da ake buɗewa tukuna."

"Iya, tun ina yaro nake tuƙa irin waɗannan."

"Na ce akwai famfon mai a baya."

"Je ki kula da shanyarki, tsohuwa."

Ta faɗa sau biyu. Ba ta faɗa na uku ba. Ta koma bakin shingenta ta naɗe hannu.

Injin ya tashi da ruri har kwanon rumfa na rawa. Maimakon ya hau tirela, sai ya fita kan hanya don mutanen unguwa su gani, ya taka wuta har ƙasa. Ya kai wajen turken lantarki na biyar, aka ji ƙara kamar an zuba guduma a cikin ganga, sai shiru. Wani siririn hayaƙi ya tashi, iska ta kwashe shi zuwa tuddan ramuka.

Ko ɗigon baƙin mai bai kai cikin injin ba, shi ya sa ya buga, bugun da ba bakaniken da zai gyara. Brant ya fito ta taga ya tsaya cikin rana yana dube-dube, maƙwabta suka shiga gidajensu ɗaya bayan ɗaya suka rufe ƙofa. Shi kaɗai ya ja motar da igiyar ƙarfe zuwa kan tirela, awa uku cur. Motar tana bayan gidansa har yau a kan duwatsu, bai taɓa shiga tsere da ita ba.