Inda Sabon Titi Ya Ƙare

"Ku kama ni ta hammata, ba ta wuya ba! Mutum ne ni ko buhu?"

Direba ke faɗa, Tela da Auta suna ta kiciniyar shigar da shi kujerar baya. Ba wani nauyi ya rage masa ba, ciwo ya cinye naman, baki kawai ya bar masa. Asibiti sun sallamo shi, sun ce a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so. Shi kuwa abu ɗaya ransa ke so: ya ga sabon titi da idonsa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da shagon Tela, kuma tun ranar da aka fara shafa jan fentin alamar rusau a gine-ginen bakin hanya suke musu guda. Tela ya ce a faɗaɗa titi, cunkoso ya ƙare. Direba, da ya tsufa a kan sitiyarin bas, ya ce zancen banza: duk wanda ya ajiye motarsa a gida don tsoron gosulo zai fito da ita, gara a sayo manyan bas da kuɗin kwaltar.

Auta, 'yarsa, ta tayar da mota. Kafin su fita daga layi Direba ya fara.

"Kai da kake buɗa wa masu tumbi wando, ka taɓa ganin tumbin ya ragu?"

"Bai ragu ba, amma mai wandon yana numfashi," in ji Tela.

"Na wata ɗaya! Sai ya dawo a ƙara masa."

Suka hau sabon titi. Wayyo, titi ya yi kyau! Baƙi wuluk, farin layi ɗoɗar, ko rami ɗaya babu. Motoci na wucewa fuu, ba mai taka birki, ba mai danna hon. Tafiyar da a da sai mutum ya yi gumi ya bushe, yau kafin Auta ta gama gyara madubi sun ci rabinta.

Tela ya daɗe yana tanadin "ai na gaya maka". Har yadda zai ɗaga gira ya shirya. Ya juyo zai saki, sai ya ga Direba ya manna goshi a gilashi, yana duban gaba, yana duban baya, ko zai hango inda motoci suka taru. Babu. Bakin nan da ko likita bai iya rufewa ba ya mutu murus. Tausayi ya kama Tela, har ya ji haushin titin. A ce mutumin nan ya koma ya kwanta, ya tafi da kaye a bakinsa?

"Baba Tela, in juya a shataletale mu koma?" in ji Auta.

"Miƙe. Zare zan saya."

Ta dube shi ta madubi. "Can gaba fa tsohuwar gada ce, kuma yanzu ake tashi daga aiki."

"Na ce miƙe, 'yar nan."

A bakin gadar faɗin titi ya ƙare. Layi huɗu na neman shiga ta inda biyu ke wucewa da ƙyar. Tirela ta gicciye, mai babur ya cusa kai ya maƙale, wani ya fito daga mota yana nuna ɗan'uwansa da makulli. Hon ko ta ina. Auta ta ja birkin hannu ta yi tagumi.

Direba ya ɗago kai a hankali.

"Sauke min gilashi."

Hayaƙi da zafi suka shigo, ya shaƙa kamar turare.

"Mai allura, duba min! Waccan, mutum ɗaya. Ta bayanta, mutum ɗaya da jakarsa. Bas guda ta kwashe su duka har da canji!"

"Gadar ce ba a faɗaɗa ba," in ji Tela, don kada abin ya zo da sauƙi.

"Faɗaɗa ta! Gosulon ya matsa gaba ya jira ku a kasuwa."

Daga wata bas da ke gefensu mai tuƙa ta ya leƙo. "Oga! Oga, kai ne?" Tsohon kwandastansa ne, ya yi furfura shi ma. Direba ya daka masa tsawa ya daina hawa kan kuloci, fasinjoji suka kwashe da dariya. Ya sa aka saya masa lemon ɓawo wajen mai talla, ya tsotsi ɓari ɗaya, ya miƙa wa Tela sauran.

"To, faɗi."

"In faɗi me?"

"Ka sani."

Tela ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ƙwace wa gona. "Ka yi gaskiya."

"Auta, kin ji ko? Ke ce shaida." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya rage murya. "Mai allura, wane zare ake sayarwa a kan gada?"

Tela ya kau da kai yana kallon tirela.

"Munafuki," in ji Direba, ya jingina kai a kafaɗarsa. "In an fara motsi ka tashe ni."

An jima ba a motsa ba. Tela yana jin numfashinsa a wuya, ɗumi-ɗumi, yana zuwa yana komawa. Can sai ya daina ji. Ya kira shi sau biyu, ya kama hannunsa, ya yi salati a hankali. Auta ta juyo ta dubi mahaifinta, ta kifa kai a sitiyari.

Tirelar ta gyara, layi ya buɗe, na baya suka dame su da hon. Auta ta share ido da bayan hannu ta sa giya.

"A hankali, 'yar nan," in ji Tela.

Ya sa tafin hannunsa ya tallafe kan Direba, kada ramukan gadar su girgiza shi.