Bidiyon Auta

Da ƙafa Yaya ya buɗe ƙofar ofishina, ƙatuwar sifana a hannunsa, rigarsa duk baƙin mai. Shi ne bakaniken kamfanin, ni kuma nake kula da kwamfutoci. Ƙaninmu Auta, mai gadin sito, yana hannun 'yan sanda. An tsinci wani lebura an fasa masa kai, Manaja ya ce Auta ne. Auta fa, wanda ko jini ya gani sai jiri ya kwashe shi!

"Bidiyon kyamarar sito yana kan allonki, tun da safe na ajiye miki," in ji Yaya. "Buɗe mu ga ɗan banzan da ya yi."

Na danna. Manhajar kallo ta leƙo, ta rufe kanta. Na sake, ta sake.

"Me kika yi masa?"

"Ni? Yanzu fa na gan shi!"

Kwamfutocinmu suna da wani tsarin tsaro mai taurin kai kamar tsohon soja a bakin ƙofa. Kowane fayil da tambarinsa, kowace manhaja da abin da aka yarje mata ta taɓa, kuma ba ruwansa da ko kai ne mai kwamfutar. Na duba rahotonsa, ga shi ƙuru-ƙuru: an hana. Bidiyon ya taho da tambarin ɗakin kyamara, manhajar kallo kuwa ba ta da izinin taɓa kayan can. Na juyo na dube shi, don da kwafa aka yi, da sabon tambari ya samu.

"Yaya, kwafa ka yi ko ɗaukewa?"

"Kwashe shi na yi gaba ɗaya, kar Manaja ya goge. Kashe tsaron mana!"

"Sai babban ofis ke iya kashe shi. Amma tambarin zan iya canzawa, ka ɗan saurara."

Babban ofis ɗin nan da na ambata shi ya ja min. Idonsa ya kaɗa ya yi jawur.

"Au, sun saye ki ke nan? Ƙaninki uwa ɗaya uba ɗaya?"

Marin da ya kwaɗa min sai da na ga wuta. Wallahi ban ƙyale shi ba, na wawuri kofin shayi na rotsa masa a goshi. Ya damƙi wuyana ya buga fuskata da tebur, na ji haƙori ya motsa, jini ya cika min baki. Na gantsara masa cizo a hannu, ya sake ni. Raina ya ɓaci matuƙa, amma Auta ne a zuciyata. Na jawo madannai, na buɗe baƙar taga da ake ba kwamfuta umarni, na fara rubutu jini na ɗiga a kan haruffan. Layi ɗaya ne kacal zai canza tambarin.

Ashe Yaya ya sha ganina a baƙar tagar nan duk lokacin da nake share tsofaffin kwamfutoci.

"Gogewa kike yi! Munafuka!"

Sifanar ta sauka a kan yatsuna. Ƙarar da na yi, har leburori suka taru a bakin ƙofa, amma ba wanda ya yi gigin shigowa. Ya hankaɗe ni gefe, ya jawo akwatin kwamfutar daga ƙarƙashin tebur.

"Bari in kashe injin, sai ki goge in gani!"

"Yaya, don girman Allah, bidiyon a ciki yake!"

Ina! Bai ji ba. Ya yi ta dukansa kamar yana cire ƙusa mai tsatsa, murfin ya lotsa, ma'ajiyar da fayiloli ke ciki ta fito ta tarwatse a ƙasa, ya bi ta da duka. Sai ya ajiye sifanar, ya ciro allon a hankali, ya rungume shi a ƙirji yana haki.

"Zan kai wa wanda bai ci amana ba ya buɗe."

Ina zaune a ƙasa, riƙe da hannuna da ya koma kamar ba nawa ba. Tausayinsa ya kama ni, tsanarsa ma haka.

"Gilashi ne kawai ka runguma, Yaya. Bidiyon ga shi can ƙarƙashin takalminka. Kuma kai da bakinka ka ce ba ka bar wani kwafi a ɗakin kyamara ba."

Ya dubi ƙasa. Ya ɗaga ƙafarsa a hankali.

Wayata ta hau ruri a kan tebur. Inna ce, tun safe take jiran mu ce mata Auta zai dawo gida. Na miƙe, na tura masa wayar da gwiwar hannu.

"Ɗauka. Kai za ka faɗa mata."